Yadda za ka saida kayan gida kahin ka tashi, ba tare da an cinye ka da bashi ba

Bara da afektasiyo, wato canjin wurin aiki, ta hito mani zuwa Yamai na tsaya tsakar gidanmu a unguwar Zariya ina kallon tarkacen da muka tara shekara da shekaru, na ce wanga kaya in aka ce a loda su a kamiyo a yi tahiyar sama da kilomita 600, kuɗin mota kaɗai sun isa su sayi sabbi can. Shi ne muka yanke mu saida. Mu nan Maradi ba mu saba da mutum ya baza kayan ɗakinshi ƙohwar gida ba, sai a ce wane ya karye, to ka aje wannan kunyar gefe, in ka ce tashi za ka yi kowa ya gane.

Abu na farko ka zauna da uwargida. Gado, armuwar, kwanoni da kumbunan da aka kawo ta da su nata ne, iyayenta suka yi mata, kada ka kuskura ka sa masu kuɗi sai da bakinta. Sannan ku raba kayan kashi ukku: na tahiya, na saidawa, na kyauta. Na kyautar nan ku hidda su tun kahin ranar, ku aika ma maƙwabta da dangi gida-gida, don in ba haka ba ranar ciniki inna wance za ta ɗauki turmi ta ce "ɗana ai wanga nawa ne ko", kuma ba ka da bakin ce mata a'a gaban jama'a.

Rana kuma ka zaɓe ta da wayo. Ƙarshen wata in albashi ya sauka shi ne daidai, kuma ka kauce ma Litinin da Juma'a tunda ranakun kasuwa ne mutane na can. Asabar ko Lahadi da sahe, kahin rana ta buɗe. Ka bar aƙalla sati biyu tsakanin ranar da ranar tashinka, saboda in mutane suka ji gobe motarka za ta tashi wallahi tayin wulaƙanci za su yi ma, sun san ba ka da zaɓi. Kwana ukku kahin nan ka ɗauki hotuna ka sa a WhatsApp, madam ma ta tura ma ƙawayenta da 'yan adashinsu, ka faɗa ma abokai in an hito masallaci.

A wanke komi, a goge ƙura. Firigo, tele da fanka ka jona su da kuran mai saye ya gani da idonshi suna aiki, firigo ma tun dare za ka kunna ka sa ruwa ya yi ƙanƙara don kuran ba ta da tabbas. In abu na da matsala ka faɗa, garin ga ƙarami ne kuma 'yan uwanka na nan bayan ka tahi.

Kuɗi fa? ka leƙa babbar kasuwa ka ji nawa sabo yake, naka in yana da kyau ka nemi wajen rabi, ka ɗan ɗora wani abu bisa don ba mai saye bai taya ba. Ka san ƙarshen kuɗinka a zuci, ƙasa da haka ka ce albarka kawai. Ƙananan kaya irin su cokula, robobi, bido, tsohin takalman yara, a zuba a tabarma guda a ce kowane dala ashirin ko dala hamsin, kada ka ɓata bakinka kansu. Ka tanadi canji sosai, 'yan silalla da takardun dala ɗari da na jikka, don sai wani ya sayi abin jikka guda ya miƙo ma jikka goma. Mutum guda ne zai riƙe kuɗin, wani yaro mai ido ya tsare ƙohwa, ɗakunan da kayan tahiya suke a kulle su.

Sai maganar bashi, wadda ita ta hi ƙona mani rai. Kada ka ba da. Ni na bar ma wani mutum salo, wato kujerun zama, na jikka sittin ya ba ni ashirin ya ce sauran zai turo ta Nita, kamfanin tura kuɗi, ƙarshen wata, yau shekara guda ke nan, in na kira sai ya tambaye ni ya iyali ya zahin Yamai. Wanda ke so kuma kuɗinshi ba su cika ba ya aje wani abu, kaya su zauna wurinka har ya ciko, ka ba shi kwana biyu ko ukku.

Abin da ya yi saura na mata ka kira dillaliya ta zagaya da shi gidaje, amma ku yi maganar la'adarta tun farko. Ƙarahuna da robobin da suka mutu masu sayen tsohon ƙarhe na ɗauka. Cikin kuɗin da ka samu ka fara biyan faktir ɗin NIGELEC, kamfanin kuran, da ta ruwa, ka aje takardun ka nuna ma mai gida ranar da za ka miƙa mashi makulli.