Yadda Ake Koyar da Yaro Ɗan Shekara Uku zuwa Biyar a Gida ta Hanyar Aikin Hannu

Iyaye da yawa suna murna idan ɗansu ya iya rera ɗaya, biyu, uku har zuwa ashirin, amma da za a ce ya miƙo dabino biyar daga cikin kwano, sai ya cika hannu ya kawo. Wannan yaro ya haddace sunayen lambobi ne kawai, kuma a waɗannan shekaru hannunsa ne zai koya masa abin da adadi yake nufi. A kan wannan fahimta likitar nan 'yar Italiya, Maria Montessori, ta gina makarantar da ta buɗe a birnin Rum a 1907, inda yaro yake taɓawa, ya zuba, ya ware kafin ya riƙe alƙalami. Kayan da irin wannan koyarwa take bukata akwai su a madafi da tsakar gida.

Da farko a tsayar da wuri da lokaci. Tabarma ɗaya a inuwa ta isa, tare da kwandon da za a riƙa ajiye kayan a inda hannun yaron zai kai. Minti goma sha biyar da hantsi, bayan ya karya kumallo, sun fi awa guda ta tilas amfani, kuma da zarar ya fara waige-waige sai a tashi.

Daga nan a fara da warewa da zubawa. A haɗa wake da masara a faifai, a ba shi ƙananan ƙore biyu ya raba su, ko a ba shi ludayi ya kwashe gero daga wannan kwano zuwa wancan. Yatsun da suke tsintar ƙwayar wake su ne za su riƙe fensir nan gaba. Sai dai kada a bar shi shi kaɗai da ƙwayoyin, domin yara kan cusa su a hanci ko kunne, kuma a nisanta ƙaninsa mai rarrafe daga tabarmar.

Ƙidaya ce ta fi bukatar haƙuri. A jera murafen kwalba uku, a kama yatsansa ya taɓa kowanne sau ɗaya yana faɗin lambarsa, sannan a tambaye shi duka nawa ne. Idan ya koma ya sake ƙirgawa daga farko, to bai riga ya gane cewa lambar ƙarshe ita ce jimilla ba, don haka babu dalilin ƙara masa yawa. Idan ya amsa daidai, a baza murafen nesa da juna a sake tambaya, saboda yara da dama suna ɗauka abu ya ƙaru ne idan ya ci wuri. A ganina gara a shafe wata guda a kan biyar da a ruga zuwa goma. A kuma shigar da ƙidayar cikin aikin gida, misali ya kawo cokali ɗaya ga kowane mutum lokacin cin abinci.

Haruffa kuwa kunne ne yake fara kama su. A nemi ya faɗi abubuwan da suke farawa da sauti irin na sunansa, kuma a sa shi ya saurari bambancin baki da baƙi, ko kafa da ƙafa. Bayan haka a zuba yashi a tire, a zana wasali guda da yatsa ana furta shi, ya bi sawu, a girgiza tiren ya sake. Wasula biyar da haruffan sunansa sun wadatar a matsayin farawa.

Da dare, idan ana tatsuniya, a tsaya a tsakiya a tambaye shi abin da yake zaton Gizo zai yi, washegari kuma a ba shi laka ya gina Gizo da Ƙoƙi, ya maimaita labarin da bakinsa.

Idan ya yi kuskure kada a yi masa tsawa, balle duka. A sake nuna masa aikin a hankali, a mayar masa da kayan ya gwada, kuma kafin a naɗe tabarma shi ne zai tattara komai ya mayar cikin kwando.