Inda mai ciwon baifola zai sami abokan tattaunawa a intanet

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wanda yake fama da ciwon baifola, wato larurar da kan ɗaga mutum ya yi kwanaki ba ya jin barci, yana zuba magana da ɓarnar kuɗi, sannan ta jefa shi cikin baƙin ciki mai nauyi, yana bukatar waɗanda suka ɗanɗani abin da yake ji, ba likita kaɗai ba.

Ƙungiyar DBSA ta Amurka, mai tallafa wa masu ciwon baƙin ciki da baifola, tana shirya zaman tattaunawa ta bidiyo kyauta, kuma masu larurar ne da kansu suke jagoranta. Bipolar UK ta Birtaniya tana da zauren da ake sa wa ido, inda mutum zai yi rajista da sunan aro. Duka biyun da Turanci ake magana. A Najeriya akwai ƙungiyar lafiyar ƙwaƙwalwa ta She Writes Woman, wadda Hauwa Ojeifo, mai wannan larura, ta kafa a 2016.

Kafin ku saki jiki, ku yi kwanaki kuna karatu kawai. Zauren da ba shi da mai kula, ko wanda ake tallar magani a cikinsa, ku fice. Abin da ya fi damuna shi ne masu cewa a ajiye magani tunda an ji sauƙi, alhali dakatar da litiyam, ɗaya daga cikin magungunan baifola, farat ɗaya yakan dawo da ciwon da ƙarfi, don haka wannan magana ce tsakaninku da likita. A WhatsApp kuwa, ku tuna cewa lambarku tana iya bayyana ga 'yan zauren.

Idan tunanin halaka kai ya zo, kada a jira amsar zaure. A sanar da na kusa, a garzaya asibiti.