Tokar murhu daban, tokar juji daban

A Damagaram ba a raina toka. Da ita ake goge gindin tukunya, a zuba ta a salga don kashe wari, a cuɗa ta da wake don kada ya yi ƙwari, masu lambu kuma su kwasa zuwa Mirya. Matsalar ita ce cewar da ake yi "ai toka toka ce". Tokar itace da karan gero ba ta da laifi. Ta juji kuwa, inda leda, tsohon takalmin roba, pil (wato batir) da gwangwanin fenti suka ƙone tare, tana iya ɗauke da dalma da wasu ƙarafa masu guba, kuma wuta ba ta cinye su. Dalma ƙwaƙwalwar yara take fara taɓawa.

Kuskuren da na fi gani a madafa yake: hura wuta da leda. Uwargida ta ajiye tokar murhunta da kyau, ta tace ruwan toka don miya, alhali kullum da safe da leda take kama wutar. Wannan toka ta riga ta gurɓata. Kara, haki ko busasshen ganye sun isa kama wuta. Tun 2014 doka ta hana shigo da irin wannan leda a Nijar, amma dubi yadda leda take maƙale a bishiyoyin bakin kasuwar Dole ta Damagaram.

Wasu kuma su tankaɗe tokar juji da rariya, su ce ta tsabtatu. Ƙusa da kwalba kaɗai rariya ta tare. Gubar tana cikin garin tokar da ya wuce ta rariyar. Kada a kai ta fagen salati ko zogale, kada kaji su yi birgima a ciki.

Share ta a bushe cikin iskar hunturu ma kuskure ne. A yayyafa ruwa tukuna, a rufe hanci, a kori yara.

To ina za a kai ta? Ba kwata ba, ba bakin tabki ba, don ruwan damina zai kwashe ta zuwa inda dabbobi ke sha. A haƙa rami nesa da rijiya, a binne da laka. Mai aikin gini na iya kwaɓa kaɗan da siminti a tubalin katanga, domin siminti yana riƙe ƙarafan, amma ban da daɓen ɗakin da yaro ke rarrafe. Pil dai a riƙa tara shi a gwangwani mai murfi tun kafin a kai shara waje.