Yadda Za Ka Tattara Tarihin Kakanninka Manoma Da Zuriyarsu

Ranar da na zauna zan rubuta sunayen iyayen mahaifina, sunan namijin ya zo mini nan take, har da na ubansa. Da na zo kan matar sai alƙalami ya tsaya. Sun fi shekara hamsin suna noma gona ɗaya, ta haifa masa tara, amma a cikinmu jikoki babu wanda ya san sunanta na yanka. "Kaka" kawai muka tashi muna ji. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na shiga wannan aiki, kuma ga yadda na ga yana tafiya.

Ka fara da wanda ya fi kowa tsufa, kuma a makon nan. Takarda tana jira, tsoho ba ya jira. A cikin tsofaffin ma ka fi ba mata ƙarfi, 'ya'yan gidan da matan da aka auro, domin su ne suka riƙe wa ya haifi wa, wa ya bi wa. Ni ƙanwar mahaifina ce ta buɗe mini ƙofa. Ka nemi izini kafin ka kunna rikoda a wayarka, ka toshe shigowar kira, ka fara da faɗin kwanan wata da sunan mai magana. Kada zama ya wuce awa ɗaya. Gara ka dawo sau uku da ka gajiyar da ita sau ɗaya.

Tambayar da ba ta da amfani ita ce "a wace shekara?" Manomi da damina yake lissafi. Na tambayi Goggo shekarar da aka haƙa rijiyar gona, ta ce ita ina ta sani. Sai na sake salo na ce, "Goggo, wa Kaka take goyo lokacin?" Ta ɗan yi shiru tana murza bakin mayafinta, ta ce autansu ne a baya, ita kuma ita ke kwashe ƙasar da ake fitarwa. Da wannan amsa ɗaya na samu shekarar rijiyar, domin autan yana da takardar makaranta. A zama na uku, tana ba ni labarin wani fari da ya sa rumbu ya ƙare tun kafin shuka, sai ta kwaikwayi yadda mahaifinta ya ƙwala wa matarsa kira. A nan sunan ya fito, ban ma tambaya ba.

Don ka maida irin waɗannan labarai shekaru, kana buƙatar turaku da duniya ta riga ta rubuta. Annobar mura ta 1918 ɗaya ce. Yaƙin Duniya na Biyu daga 1939 zuwa 1945 ne. Tauraron Halley mai wutsiya ya bayyana a 1910, ya sake dawowa a 1986. Idan aka ce maka an haifi wane a shekarar da rana ta yi husufi, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, tana da jadawalin husufin rana na shekara dubu biyar a intanet, da taswirar inda aka ga kowanne. In kuwa ka tarar da shekarar Hijira a bayan wani littafi ko takarda, ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622. Misali 1350 za ta ba ka wajen 1931. Dalili shi ne shekarar wata ta gaza ta rana da kimanin kwana 11. Duk abin da ka samu ta hanyar kintace, ka sa masa "wajen" a gaba. Kada kunya ta sa ka rubuta rana da wata alhali ƙiyasi ka yi.

Kada ka tsaya a ɗaki. Ka ɗauki dattijo ku taka gonar tun daga wannan iyaka zuwa waccan. Baffana bai cika magana ba, amma da muka isa wani kututture sai ya dafa shi, ya ce a nan mahaifinsu yake jingine fartanya in rana ta take, daga nan zuwa kwari kuma shi da hannunsa ya sare dajin. Ka tambayi yadda gonar ta shigo hannunsu, saye ne ko gado ko aro, me suke shukawa, wace shekara aka raba ta, kason wa aka sayar. Ka zana taswirarta ko da ba ka iya zane ba.

Zuriya kuwa saurin yaɗuwa gare ta, kuma sunaye suna maimaituwa, sai ka tarar da mutum huɗu masu suna ɗaya. Lamba ce maganin wannan. Akwai tsarin da wani Bafaranshe, Jacques d'Aboville, ya fitar a 1940: kakan shi ne 1, ɗansa na fari 1.1, na biyu 1.2, ɗan fari na wannan na biyun 1.2.1, haka har tattaɓa-kunne. Da ganin lamba ka san ɗakin da mutum ya fito. Idan an yi aure fiye da sau ɗaya, ka rubuta sunan uwa kusa da kowane ɗa. Abu biyu nake roƙonka a nan. Jariran da suka rasu ka ba su lambarsu. An ce mini tara Kaka ta haifa, ashe goma sha biyu ne, uku ba su kai yaye ba. Sannan ka bi 'ya'ya mata inda aure ya kai su, domin rabin zuriyar a can take.

A gefen kowane bayani ka rubuta wanda ya faɗa maka da ranar da ya faɗa. In mutum biyu suka saɓa, ka ajiye duka biyun, kada ka zaɓi wanda ya fi maka daɗi. Za ka ci karo da abin da yake da ciwo, rigimar gado ko auren da ya mutu. Wanda aka ce maka amana ce, ka bar shi a littafinka kaɗai. Bayanan masu rai kuma kada ka ɗora su a intanet sai da yardarsu.

Tsohon hoto, ka rubuta sunaye a bayansa da fensir mai taushi, ban da biro, kuma kada ka kai a manne shi da leda, zafi da gam suna lalata shi. Ka ɗauki hotonsa da waya a inuwa mai haske. Don jera zuriyar a kwamfuta akwai manhajar Gramps da shafin FamilySearch, duka kyauta ne, kuma Gramps tana fitar da fayil na GEDCOM wanda sauran manhajojin nasaba suke karantawa. Ka ajiye kwafi uku a wurare dabam-dabam, ɗaya a cikinsu a takarda. Ni bugawa na yi na ba kowane ɗaki nasa, na bar shafuka biyu farare a ƙarshe. Bayan wata biyu jikar 1.6 ta dawo mini da nata cike da sunaye goma sha bakwai da ban taɓa ji ba.