Babi na 6: Ƙwayoyin palu ba iri ɗaya ba ne

Darasi na 1

To jama'a, sauro daban, ƙwayar cutar palu, wato zazzaɓin cizon sauro, daban. Macen sauro ɗauko ta take ta zuba a jini, kuma ƙwayar ido ba ya ganinta. Masu kama mutum iri 5 ne, ku kwafa a kaye a hankali, ba sauri muke ba: falsifarum, bibaks, malariye, obale, nolesi. Wadda ke kwantar mana da yara nan Damagaram da damina galibi falsifarum ce, ita ta fi kisa.

Darasi na 2

Kakarsu ɗaya, to me ya raba su? Gado. Kowace ƙwaya tana ba 'ya'yanta halinta, amma wani lokaci a samu ɗan canji wajen haihuwa. Nan ne kuke tuntuɓe, ku saurara. Ƙwayar ba wayo take koya ba. Wadda canjin ya taimaka ita ke tsira ta hayayyafa, sauran su mutu. Kamar geron da ya jure fari ne, zangarniyarshi manomi ke ɗaurewa ya aje iri. Ku faɗa da baki: mai tsira ita ke haihuwa. Ku sake. Wanda bai gane ba kar ya ji kunya, ya tambayi na kusa da shi. Ba dabara ta yi ba, tsira ta yi, 'ya'yanta suka gaje ta.

Haka aka yi da nibakin, tsohon maganin palu. Iyayenmu sun sha sun warke, sai ƙwayoyin da ke jure shi suka yi yawa, wajen 1978 abin ya iso gabashin Afirka, yau a nan ba a ba da shi don falsifarum. Amma har yanzu wasunku in likita ya ba ku Coartem na kwana 3, safe da dare, jikin yaro na yin sanyi sai ku ɓoye sauran a kwalla wai don wata rana. Haba iyayen yara! Wa kuka bari a jinin? Masu tsira. Ku ƙare maganin duka.

Darasi na 3

Falsifarum daga goggon birin da ake kira gorila ta tsallako zuwa ga mutum, tana sa jajayen ƙwayoyin jini su manne a jijiyoyi har na ƙwaƙwalwa, shi ya sa yaro ke suma. Bibaks da obale su kuma hanta suke ɓuya, su taso bayan watanni.

Darasi na 4

Nolesi ta birai ce amma tana kama mutum, can wajen Maleziya. Ku karanta sunayen 5 a gida.