Yadda Ake Gano Jerin Kod ɗin Jaz a Waƙoƙin Japan da Jita

Kada ka fara da neman kod, wato tarin sautukan da ake kaɗawa lokaci guda, gaba ɗayansa. Waƙoƙin pop na Japan cike suke da fiyano, goge da muryoyin amshi, kunne ba zai iya tsefe su lokaci guda ba. Fara da bes, wato sauti mafi kauri da ke ƙasan kiɗan. Sa abin sauraro a kunne, ka rage saurin waƙar zuwa 0.75, ka ɗauki gaɓa huɗu kacal na amshin, wanda Japanawa ke kira sabi. Bi sautin bes a tsirkiya ta 6 da ta 5, wato biyun da suka fi kauri, ka rubuta. Idan kowane sauti ya ƙi zama daidai, sai ka ji kamar yana tsakanin firet biyu (matakan da ke wuyan jita), mai yiwuwa rikodin ne ya ɗan kauce daga A 440, ma'aunin da aka saba saita kayan kiɗa da shi. Sai ka saita jitarka da waƙar.

Daga nan ka nemi gidan waƙar, sautin da murya ke komawa ta huta a kai. A nan mutane da yawa ke ɓata, domin suna ɗauka kod na farko shi ne gida. Sabi yakan buɗe ne a kod ɗin da ke kan sauti na huɗu in an ƙirga daga gida. Idan bes ya ba ka F, G, E, A, gidan C ne, ba F ba. Wannan shi ne jerin da ake kira odo shinko: Fmaj7, G7, Em7, Am7. Lambobin da ke ƙasa firet ne, daga tsirkiya mafi kauri zuwa mafi siriri, x kuma na nufin a danne tsirkiyar kada ta yi ƙara:

Fmaj7: 1x221x
G7: 3x343x
Em7: x7978x
Am7: 5x555x

Aikin gaske yana kan sautuka biyu a kowane kod, na uku da na bakwai. Su ne ke faɗa maka ko kod ɗin mejo ne, maino ne, ko mai jan kunne zuwa wani kod. Ɗauki E ɗin nan. Kaɗa G a firet na 3 na tsirkiya ta 1 tare da waƙar, sannan ka kaɗa G# a firet na 4. Ɗaya zai narke cikin kiɗan, ɗayan zai yi karo. In G ne ya zauna, Em7 ne. In G# ne, E7 ne, kuma wannan rabin matakin, wato firet ɗaya, shi ke kawo ɗacin nan mai daɗi kafin a faɗa Am7. Wanda ya sa Em7 a gurbin E7 bai yi kuskuren da kowa zai kama ba, amma waƙar za ta fita lami.

E7 ɗin ne zuciyar jeri na biyu, wanda ake kira marusa shinko saboda waƙar Shiina Ringo ta 1999, Marunouchi Sadistic. Wasu kan danganta shi da Just the Two of Us ta Grover Washington Jr. A gidan C yana tafiya haka: Fmaj7, E7, Am7, Gm7, C7. Gm7 da C7 baƙi ne a gidan C saboda sautin Bb da ke cikinsu. Aikinsu su mayar da kai F kamar nan ne gida, dabarar biyu-biyar-ɗaya ta jaz kenan. Sukan raba gaɓa ɗaya, bugu biyu-biyu, shi ya sa kunne ke tsallake Gm7. Kaɗa kowane kod na jerin da sautuka uku kawai:

Fmaj7: x879xx
E7: x767xx
Am7: 5x55xx
Gm7: 3x33xx
C7: x323xx

Wannan riƙon ya fi babban riƙo na tsirkiya shida, wanda ke ninka tushe (sautin da kod ke ɗauke da sunansa) da na biyar har ya binne sautukan da ke ɗauke da launin. Lura da yadda tsirkiya ta 4 ke sauka daga A zuwa G# zuwa G a kod uku na farko. Wannan gangarar ce kunnen mai sauraro ke bi.

Bes ma yana ruɗi, domin ba kullum yake kan tushe ba. Idan ka ji G a ƙasa amma G7 ya yi tsauri, gwada F/G, wato 3x321x. Yana yawan zuwa dab da sabi, musamman a salon pop na Japan da ake kira siti pop na shekarun 1980. Idan bes ya hau G, G#, A, na tsakiyar ko dai G#dim7 ne (4x343x) ko E7/G#. Saurari fiyano: F a sama na nuna na farko, E na nuna na biyu. B a bes kafin E7 kuwa kusan kullum Bm7b5 ne, x2323x, ba Bm7 ba, tunda F# ba ɗan gidan ba ne.

Ƙarin sautuka irin na 9 da 13 su zo a ƙarshe. Sau da yawa muryar mawaƙi ce ke riƙe da su, jita ba ta da buƙatar maimaitawa. In kuma ka tabbata kiɗan na da su, C9 shi ne x3233x, E7#9 kuma x7678x.

Rubuta abin da ka gano da lambobi, 4-5-3-6 ko 4-3-6-5-1, maimakon haruffa. Sabi na ƙarshe yakan hau rabin mataki ko mataki ɗaya, kuma da yake babu buɗaɗɗiyar tsirkiya a duk riƙon da ke sama, matsar da hannu firet ɗaya ko biyu ya wadatar.