Yadda Nake Gano Ma'anar Baƙuwar Kalmar Turanci

Na shafe shekaru ina fassara takardu daga Turanci zuwa Hausa, na kotu da na asibiti da na ciniki. Kalmomin da suka fi ba ni wuya ba dogayen nan ba ne masu cika baki. Doguwar kalma da ganinta ka san baƙuwa ce, sai ka tsaya ka bincika. Wadda ke kā da mutum ita ce wadda ya sani tun yana firamare, ya gan ta ya wuce, alhali a cikin wannan takarda ta sake riga.

A farkon aikina an ba ni wata takardar yarjejeniya. Na ci karo da "consideration", na rubuta "la'akari", don haka na san ta. Wani lauya da ya duba aikin ya ja ni gefe ya ce, a dokar kwangila ta Ingila da ƙasashen da suka gaji tsarinta, kalmar na nufin abin da kowane ɓangare ya bayar a madadin abin da ya karɓa, kuɗi ne ko kaya ko alkawari. Idan babu shi, galibi kotu ba ta tilasta wa kowa cika alkawarin. Da takardar ta fita a haka, da mutum biyu sun sa hannu kan abin da ba su fahimta ba. Tun daga ranar, kafin in tambayi ma'anar kalma, sai na tambayi gidan da ta fito.

Wato ka fara duba wa ke magana, kuma a wane fanni. "Tender" a bakin likita wuri ne da ke zafi in an taɓa, a ofis kuwa tayin farashi ne da mai neman kwangila ke miƙawa. "Acute" a lissafi kusurwa ce da ba ta kai digiri 90 ba, a asibiti kuma cuta ce da ta taso farat ɗaya, kishiyar "chronic" wadda ta daɗe a jiki. Wadda ta fi damuna ita ce "positive" a sakamakon gwaji. Mutum ya karanta ya ɗauka albishir ne, alhali nufin shi ne an sami abin da aka shiga nema, ƙwayar cuta ce ko wani abu. Haka "significant" a rahoton bincike: ba ana cewa bambancin yana da girma ba ne, ana cewa da wuya a ce dace ne kawai ya haifar da shi.

Idan ka gane fannin, sai ka buɗe ƙamus, amma kada ka tsaya a ma'ana ta farko. Sauka ƙasa ka nemi wadda aka yi wa alamar shari'a ko likitanci ko tattalin arziki. Ka kuma san irin ƙamus ɗin da ke hannunka. Babban ƙamus na Oxford, wanda ya fara fitowa kashi-kashi a 1884 aka kammala shi a 1928, aka sake buga shi a mujalladi 20 a 1989, yana jera ma'anoni ne bisa tarihi. Ta farko ita ce mafi tsufa, wataƙila ma an daina amfani da ita shekaru ɗaruruwa. Ƙamus na masu koyo shi ne ke fara kawo wadda aka fi ji a yau. Manhajar fassara ma kada ka ba ta kalma ita kaɗai, ba ta jimlar dungurungum.

Dogayen kalmomin kimiyya kuwa, feɗe su ake yi. Yawancinsu guntaye ne na Girkanci da Latin aka harhaɗa. "Hepat" hanta ce, "nephr" ƙoda, "derm" fata, "cardi" zuciya. Ƙarshen "itis" kumburi ne da zafi, "ectomy" kuma yanke abu a cire shi. Ka ga "hepatitis" kumburin hanta ke nan, "nephrectomy" tiyatar cire ƙoda. Ɗauki "hypoglycaemia", wadda ke tsorata mutane: "hypo" ƙasa, "glyc" zaƙi, "aemia" jini. Sukarin jini ya faɗi. In aka ce "hyper", to hawa ya yi. Haruffa kaɗan ne tsakaninsu, amma abin da za a yi wa mai wannan ba shi za a yi wa mai wancan ba, shi ya sa nake karanta su sau biyu kullum. Wanda ya haddace irin waɗannan guntaye talatin zai buɗe ɗaruruwan kalmomi ba tare da ya taɓa ganinsu ba.

Sai dai feɗewar kan yaudari mutum. Ka san "in" a gaban kalma yakan kore ta, sai ka ɗauka "inflammable" abu ne da ba ya kama wuta. Kamawa yake yi, nan da nan ma, don wannan "in" ɗin daban ne, na shiga ciki ne. "Invaluable" ma abu ne da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi. Don haka abin da ka samu daga feɗewa hasashe ne, sai ƙamus ya tabbatar.

Kalmomin shari'a suna da nasu dalilin nauyi. Bayan da Wiliyam na Nomandi, wani yanki a arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu tsawon ƙarnuka, Latin kuma harshen rubutu. Daga nan aka gaji "plaintiff", mai ƙara, da "mortgage", wadda asalinta matacciyar jingina ke nan. "Affidavit" Latin ne, wato "ya yi rantsuwa", rubutacciyar shaida ce da aka rantse a kanta. "Subpoena" kuma "ƙarƙashin horo", sammaci ne da ƙin amsa shi ke jawo hukunci.

Akwai wani abu da ke faranta mini rai duk lokacin da na tuna shi. Wasu kalmomin da muke wa kallon baƙi 'yan'uwan namu ne ta wajen Larabci. "Cipher" da "zero" tushensu ɗaya da sifirinmu. "Algebra" daga "al-jabr" take, a sunan littafin Al-Khawarizmi, malamin lissafin da ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9, sunansa kuma shi ya zama "algorithm" da masu kwamfuta ke ta faɗa. "Alcohol" ma daga "al-kuhl" take, kwallin da ake sa wa ido. Ta fara da nufin gari mai laushi, ta koma duk abin da aka tace, har ta ƙare a sinadarin da ke sa maye. Dubi nisan tafiyar da ta yi daga inda ta taso.

Ka kuma lura da ƙasar da aka rubuta takardar. A majalisar Birtaniya in an ce "table" a kan ƙudiri, an gabatar da shi ne don a tattauna, a Amurka kuwa an jingine shi. "Public school" a Ingila makaranta ce mai zaman kanta ta masu hali, a Amurka ta gwamnati ce.

Gwajina na ƙarshe shi ne in faɗi ma'anar da Hausa zalla ga wanda ba ya jin Turanci. In na kama kame-kame, ko na musanya kalmar da wata babbar kalmar Turanci, ban gane ba tukuna, sai in koma. In ya gyaɗa kai ya maimaita mini daidai, sai in shigar da ita littafina: kalmar, fanninta, jimlar da na tsince ta a ciki gaba ɗayanta, sannan bayanina na Hausa. Nakan bar layi biyu a ƙasa babu rubutu, don wata rana zan gamu da ita a takardar wani fannin.